Suna Linzami: Daga Ƙananan Jiragen Amurka Zuwa Albasar Galmi



Abin da zan yi magana a kai yau shi ne yadda kamfanoni ke raɗa wa ƙananan jiragen sama suna, irin jiragen nan masu kujera huɗu ko shida da mutum ɗaya zai iya saye ya tuƙa da kansa. Na ga wasu sun fara murmushi. Na san abin da ke ranku: mu da ko kuɗin kabu-kabu daga kasuwa zuwa jami'a sai mun yi lissafi, mi ya haɗa mu da sunan jirgi? To ku ba ni aron kunnuwanku. Masu sayen irin wannan jirgi likitoci ne, da lauyoyi, da manyan ƴan kasuwa, mutanen da suka yi karatu kuma suka san ciwon kuɗinsu. Idan har kamfani yana kashe dukiya wajen zaɓen sunan da zai ja ra'ayin irin waɗannan mutane, kuma abin yana ci, to ku auna abin da ake yi da mu a kan salula da moto da maganin ciwon kai. Hausawa sun ce suna linzami. Tambayata a yau ita ce: linzamin yana hannun wa?

Bari mu fara da garin Wichita, a jihar Kansas ta Amurka, inda kamfanin Cessna yake tun 1927. Bayan an gama yaƙin duniya na biyu, masu ƙera jirage sun ɗauka duk sojan da ya koyi tuƙi a fagen daga zai dawo gida ya sayi nasa jirgi. A 1946 kasuwa ta yi tashin gwauron zabi, shekara ɗaya zuwa biyu bayan haka ta faɗi warwas, kamfanoni da dama suka rufe. Waɗanda suka rage sai suka gane cewa dole su nemo sabon mai saye, wato mutumin da ya saba da tuƙin mota, yana da kuɗi, amma yana tsoron sama.

Cessna tana da wani jirgi mai lamba 170, wanda ƙaramar tayarsa ta uku ke can baya ƙarƙashin jela. Irin wannan jirgi yana da wuyar sarrafawa wajen sauka, yakan juya da mutum idan bai ƙware ba. A 1956 suka maido tayar gaba, ƙarƙashin hanci, suka kira jirgin 172. Wannan dabara ba sabuwa ba ce, kamfanin Piper ya riga su yin ta. Amma masu tallan Cessna suka raɗa wa ƙafafun suna Land-O-Matic, sunan da ke sa mai ji ya ɗauka jirgin da kansa yake sauka. A 1963 suka huda taga a bayan jirgin, tagar gilashi kawai, suka kira ta Omni-Vision, wai ganin ko'ina da ko'ina.

Sunan da ya fi shahara shi ne Skyhawk, wato shahon sama. Ku san cewa da farko, a samfurin 1961, ba sunan wani sabon jirgi ba ne. Wannan 172 ɗin ne dai, fiffike ɗaya, inji ɗaya, sai dai an yi masa cikakken fenti an ƙara masa wasu na'urori, an ɗora kuɗi a kai. Kuma jirgin nan bai da halin shaho ko kaɗan. Jirgi ne mai sanyin hali, mai yafe kuskure, gudunsa bai fi kilomita 200 da ƴan kai a awa ba, shi ya sa makarantun koyon tuƙi suka fi son shi. Da don hali ake ba da suna, da kurciya ta fi dacewa da shi. To amma wane attajiri ne zai so ya gaya wa abokansa cewa ya sayi kurciya? An ƙera fiye da 44,000, babu jirgin da aka ƙera da yawa kamarsa a duniya. Akwai kuma wasu sunaye a kan salo guda: Skylane, Skywagon, Skymaster.

Ga abin da nake son ku riƙe. Kowane ɗaya daga cikin jiragen nan suna biyu gare shi. Akwai sunan talla, akwai lamba. Idan matuƙi zai cika takardar shirin tafiya, ko daga Yamai zuwa filin jirginmu na nan Tawa ne, abin da zai rubuta a gurbin nau'in jirgi shi ne C172. Idan bakanike zai nemo kayan gyara, lambar samfuri da lambar jikin jirgin zai duba. A wurin da rai ke kan layi, shaho bai da aiki. Sunan na mai saye ne, lambar ta wanda zai ɗauki alhaki ce.

Yanzu kowa ya duba aljihunsa. Nawa ne a ɗakin nan ke riƙe da Tecno? Nawa Itel? Nawa Infinix? Na sha jin gardama a fada, wannan na cewa tasa ta fi, wancan na cewa tasa ta fi. Ƴan uwa, duka ukun na kamfani guda ne, Transsion, da ke birnin Shenzhen na ƙasar Sin. Uwa ɗaya uba ɗaya. An raba musu suna ne don kowane aljihu ya samu wadda zai ji ta dace da matsayinsa. A cikin Tecno kanta akwai Spark, akwai Camon, akwai Phantom, sannan a liƙa Pro ko Plus a wutsiya. Ban ce wayoyin ba su da kyau ba, kuma ban ce babu bambanci tsakaninsu ba. Akwai. Amma bambancin yana rubuce a bayan kwali, da ƙananan haruffa: girman ma'ajiya, ƙarfin batir, irin ƙwaƙwalwar da ke ciki. Sau nawa muke juya kwalin mu karanta kafin mu zaro kuɗi?

Haka abin yake a farmasi. Doliprane, Efferalgan, Panadol, dukansu sinadarin da ke aiki a ciki farasitamol ne. Mai haƙuri da ya san wannan zai iya tambayar mai farmasi ko akwai irinsa mai sauƙin kuɗi, mai adadin miligiram ɗaya, daga hanyar da hukuma ta yarda da ita. Wanda bai sani ba, sunan zai biya. Manomin albasa a Tabalak ko a kwarin Kaita ya fi mu wayo a nan. Idan ya je sayen taki, hoton zaki ko giwa da ke jikin buhu bai dame shi ba, 15-15-15 yake nema ko ure. Idan zai sayi injin ban ruwa, faɗin bakin tiyo yake tambaya, da ko akwai kayan gyaransa a kasuwar Tawa. Mu da muka yi lakkol, mu ne muke cinikin biri a sama.

Mu koma wajen jirage, don akwai kashi na biyu na labarin, kuma ya fi daɗi. Kamfani na iya raɗa suna, amma ba shi ke da magana ta ƙarshe ba.

A 1958 Cessna ta fito da wani jirgi mai lamba 175, daga baya aka yi masa laƙabi da Skylark, sunan wani tsuntsu mai zaƙin murya. An sa masa inji mai giya tsakaninsa da farfela, wanda ke buƙatar a riƙa juya shi da sauri fiye da yadda matuƙa suka saba. Da yawa suka riƙa tuƙa shi yadda suka saba tuƙa sauran, injin ya riƙa ba da matsala, sai magana ta bazu cewa jirgin nan ba abin dogaro ba ne. Ciniki ya ja baya. Mi kamfanin ya yi? A 1963 ya cire masa lamba 175, ya aro masa sunan ɗan uwansa mai farin jini, ya kira shi P172D Powermatic, mai ƙarin ado kuma Skyhawk Powermatic. Masu saye suka leƙa ƙarƙashin murfi, suka ga tsohon injin nan ne. Waɗanda aka ƙera da sabon sunan ba su kai ɗari ba, aka daina. An canza wa tuwo suna, ba wanda ya ci.

Sai kuma Bonanza na kamfanin Beechcraft, wanda ya fito a 1947. Kalmar tana nufin arzikin da ya faɗo wa mutum bagatatan, kamar mai haƙar zinariya a Jado ya faɗa kan jijiya. Jirgi ne mai gudu, mai tsada, jelarsa a tsage kamar harafin V. Masu kuɗin da ba su daɗe da koyon tuƙi ba suka yi ta saye, aka yi ta samun haɗurra, sai matuƙa suka yi masa nasu laƙabi: mai kashe likitoci. Babu ofishin talla da ya zauna ya tsara wannan suna, kuma babu kuɗin da ya isa ya goge shi. An daina ƙera mai tsagaggiyar jelar a 1982, amma har gobe ana tuna laƙabin.

Wannan ikon muna da shi, kuma muna amfani da shi kullum ba tare da mun lura ba. Babur mai ƙafa uku da ke yawo a titunanmu, kamfanin Bajaj na Indiya RE ya rubuta a jikinsa. Wa ke kiran shi haka? A Kano, lokacin mulkin Malam Ibrahim Shekarau, aka haɗa shi da shirin A Daidaita Sahu, sunan ya manne masa, ya tsallako iyaka har ya iso mu. A wasu sassan Najeriya Keke Napep ake ce masa, daga sunan wani shirin yaƙi da talauci na zamanin Obasanjo. Ko ku ɗauki atamfa. Kamfanin Vlisco yana garin Helmond na ƙasar Holan tun 1846, kuma lamba yake ba zanensa. Matan kasuwar Lome, waɗanda ake kira Nana Benz, da takwarorinsu na Abijan da Kwatano, su ne suka riƙa raɗa sunayen da ke sayar da turmi: idon kishiya, mijina mai iyawa ne, jakar Michelle Obama. Iyayenmu da yayyenmu da ke zuwa bida Abijan sun sha kawo irin wannan tsaraba gida, kuma ba wanda ya taɓa aiko musu da lamba, da suna ake saƙo. Kun ga a nan kasuwa ce ta riƙe linzamin, masana'anta na biye.

Darasin wannan kashi mai sauƙi ne. Shaidar da muke ba juna a fada, a tasha, a rukunin WhatsApp, ta fi allon talla ƙarfi. Idan wani moto yana cinye mai, ko wani farantin sola ba ya ba da wutar da aka rubuta a jikinsa, ɗan kabu-kabu da mai cajin salula sun riga kowa sani. Abin da ya rage shi ne mu faɗi gaskiya idan an tambaye mu, ko da mu ne muka sayi kayan muna jin kunyar a ce an cuce mu. Kada kuma mu ɓata sunan kayan wani a kan jita-jita, don labarin Skylark ya nuna cewa wani lokaci laifin na hannun mai amfani ne.

Kashi na uku shi ne ya fi ci mini rai, kuma shi ya sa na zaɓi wannan batu.

Babban abokin hamayyar Cessna shi ne Piper. Shi bai bi hanyar tsuntsaye ba. Tun daga 1954, da jirgin da ya kira Apache, ya shiga ɗaukar sunayen ƙabilun asalin Amurka, waɗanda Turawa suka tarar a ƙasar: Comanche, Pawnee, Aztec, Cherokee, Navajo, Seneca, Cheyenne. Mi ake sayarwa da waɗannan sunaye? Hoton jarumi a kan doki, cikin fili fetal, ba shinge ba shamaki. Mai jirgi yana zaune a kujera mai laushi yana jin kansa ɗan wannan daji.

Amma ku ji abin da ya faru da masu sunan. Tsakanin 1838 da 1839, sojojin Amurka suka tasa ƙabilar Cherokee daga ƙasarsu ta gado a kudu maso gabas, suka kora su yamma zuwa inda ake kira Oklahoma yau. An ƙiyasta mutum wajen 4,000 suka mutu sanadin wannan kora, da yunwa da sanyi da cuta. Bayan shekara ɗari da ashirin da ƴan kai, sunansu ya bayyana a jikin jirgi a matsayin alamar ƴancin yawo. Kamfanin mota na Jeep shi ma ya ɗauki sunan tun 1974. A watan Fabrairun 2021 shugaban al'ummar Cherokee, Chuck Hoskin Jr., ya fito fili ya ce lokaci ya yi da za a daina sa sunansu a jikin mota. Har yanzu ana sayar da motar da sunan. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kada ku ɗauka wannan labarin nesa ne. Cessna tana da wani jirgi mai inji ɗaya, lamba 208, mai iya sauka a filin ƙasa, wanda ƙungiyoyin agaji da masu jigilar kaya ke amfani da shi a faɗin Afirka. Sunansa Caravan, ma'ana ayari. Mu ne muka san ayari, raƙuman da ke ƙetare Tenere zuwa Fashi da Bilma su ɗauko gishiri da dabino su gangaro ƙasar Hausa. A 1983, bayan tseren Paris-Dakar ya sa duniya ta san hamadarmu, kamfanin Yamaha na Japan ya fito da babur mai suna Ténéré, kuma har yau yana sayar da sababbin samfura da wannan suna. A 2002 Volkswagen ta fito da mota mai suna Touareg, aka riƙa haɗa ta a Bratislava, ƙasar Sulobakiya. Kamfanin Aprilia na Italiya shi ma yana da babur mai suna Tuareg. Ƴan uwanmu Abzinawa na Abalak da Cintabaradan da Kawo, da muke cin kasuwa ɗaya da su, wasunsu ma suna cikin ɗakin nan, sunansu na yawo a manyan titunan Turai a bayan motar da ɗan Adar zai yi shekaru yana bida bai tara kuɗinta ba. Har karen farautar Azawak an kai shi Turai tun shekarun 1970, ana kiwonsa ana sayarwa da takardar asali, kuma babbar ƙungiyar masu karnuka ta Amurka ta amince da shi a matsayin nau'i na musamman a 2019.

Bari in yi adalci. Ba doka aka karya ba, kuma wani zai ce ai karramawa ce, an sa duniya ta san mu. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Amma ku lura da abu guda: kamfanonin nan ba sa zaɓen suna don Allah. Ana zama a kai, ana gwada shi a kunnen masu saye, lauyoyi su yi masa rajista a ƙasashe da dama. Idan suka ɗauki Tenere, sun auna sun ga kalmar tana da daraja, tana nufin juriya da ƙarfin hali, kuma mutane za su biya kuɗi saboda ita. Wannan daraja kakanninmu suka tara ta da ƙishirwa da tafiyar ƙafa. Wasu sun san farashinta, mu ne ba mu sani ba.

An taɓa zuwa har cikin gonarmu. Galmi dai kun san ta, a kan babbar hanya tsakanin Ƙwanni da Madawa, cikin jiharmu ta Tawa. Albasar da ke ɗauke da sunanta ana neman ta a Akara da Kumasi da Abijan da Kwatano, saboda yajinta da yadda take jure ajiya. Wajen 2009 magana ta fito fili cewa wani kamfanin sayar da iri da ke Senegal, Tropicasem, ya nemi hukumar OAPI ta ba shi takardar mallakar irin da ake kira Violet de Galmi. Ita OAPI hukuma ce ta ƙasashen Afirka 17, har da Nijar, mai mazauni a Yawunde, ita ke rajistar sunayen kaya da ƙirƙire-ƙirƙire. Da abin ya tabbata, da irin da manoman Adar da Maggiya suka yi ta tacewa shekara da shekaru ya koma ƙarƙashin ikon wani. Ƙungiyoyin manoma da na farar hula suka tashi, hukumomin Nijar suka ƙalubalanci buƙatar, kamfanin ya janye daga sunan Galmi, ya koma kiran nasa Violet de Damani. Daga baya aka yi wa albasar Galmi da kilishin Nijar rajista a OAPI a matsayin kayan da sunansu ke ɗaure da yankin da suka fito.

Ba mu kaɗai muka yi irin wannan kokawa ba. Habasha ta ja da kamfanin Starbucks a kan sunayen kofinta, Sidamo da Harar da Yirgacheffe, har aka cimma yarjejeniya a 2007. A 2013 OAPI ta yi rajistar farko ta irin wannan kariya ga masoron Penja da farar zumar Oku na Kamaru, da kofin Ziama-Macenta na Gini. Su Faransawa tuni suka hana kowa kiran giyarsa Champagne idan ba daga wannan yanki ta fito ba. Abin nufi, suna dukiya ce da ake yi wa shinge kamar gona. Gonar da ba ta da shinge kuwa, kun san ta kowa ce.

To mi ya rage gare mu? Ba zan ce ku je ku yi zanga-zanga a ƙofar Yamaha ba. Abin da ke hannunmu ya fi wannan kusa.

Na farko, a matsayinmu na masu saye, mu koyi ɗabi'ar bakaniken jirgi, mu tambayi lamba. Wat nawa farantin nan yake bayarwa, kuma za ka yarda mu auna kafin in biya? Wane sinadari ne a cikin maganin nan? Garanti na wata nawa ne, kuma a rubuce? Wannan bai tsaya ga kaya ba. Makarantu masu zaman kansu suna ta buɗewa da sunaye masu nauyi, wannan ta ƙasa da ƙasa, waccan babbar cibiya. Kafin mahaifinka ya sayar da bijimi ya biya maka, tambayi takardar izinin gwamnati, tambayi ko ana karɓar digirinta wajen jarrabawar ɗaukar aiki. Haka masu zuwa da tsarin zuba kuɗi a intanet mai sunan Turanci mai daɗi, da masu alƙawarin biza da aiki a waje. Duk inda ka ga suna ya yi girma, bayani ya yi ƙaranci, ka san an sa wa kurciya sunan shaho, ko ma babu tsuntsun gaba ɗaya.

Na biyu, ga waɗanda ke da sana'a a cikinmu, kuma na san suna da yawa. Akwai masu kilishi, masu ɗinki, masu takalman fata, ƴan mata masu haɗa turare da sabulu da yaji suna tallatawa a Facebook da TikTok. Ina yawan ganin an ɗauki kayan gida mai kyau an liƙa masa sunan Paris ko Dubai, wai don ya yi daraja. Ku duba abin mamaki: Bajapane yana aron Tenere don ya sayar da babur, ɗan Tawa yana aron Dubai don ya sayar da humra. Sa wa kayanka sunan da ba wanda zai iya ƙwace maka, sunan garinku, ko na kakarka da ta koya miki haɗin. Sannan ka tsare shi da inganci, don mun ga yadda aka yi da Powermatic: suna ba ya ɗaukar kayan da ya lalace. Rana ɗaya da ka rage awo ko ka haɗa da gauraye, kasuwa za ta raɗa maka nata suna, kuma shi ne zai bi ka.

Na uku, aikin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Cukun Azawak, kifin Tabalak, shanun Azawak da ake nema har ƙasashen maƙwabta saboda nononsu, aikin fata da na azurfa na maƙeranmu, duk sunaye ne masu tsada. Kariyar doka ba ta zuwa sai masu sana'a sun haɗu a ƙungiya, sun rubuta ƙa'idar yadda ake yin kayan, daga ina zuwa ina ne iyakar yankin, wa zai duba wanda ya saɓa. Makiyayiyar da ke shanya cuku a rugarta ba ta da lokacin cika takardu da Faransanci. Mu da muka karanta shari'a da tattalin arziki da aikin gona a jami'ar garin nan, muna zaune muna jiran a buɗe ɗaukar aiki, ga aiki nan yana jiran mu. Ko rajistar Galmi da aka samu, takarda ce kawai idan ba a bi ta ba. Idan buhun ya isa Kumasi babu tambari, babu hanyar gane na gaske da na jabu, manomi bai ga ƙarin ko dala ba. Wa zai tsara tambarin, wa zai riƙe lissafin buhuna, wa zai yi magana da dillalai a can? Waɗannan tambayoyi ne da ya kamata mu kai gaban ƙungiyoyin manoman albasa da ɗakin kasuwanci da hukumominmu, mu kuma miƙa kanmu a matsayin masu iya aikin.

Mu Hausawa ba mu ɗauki suna da wasa ba. Sai an kwana bakwai, an tara dangi da maƙwabta, an yanka rago, an raba goro, kafin a faɗi sunan jariri. Muna da sunan yanka, muna da laƙabi, muna da sunan da uwa ke sakaya ɗan fari da shi don kunya. Al'ummar da ta san nauyin suna haka bai kamata a riƙa jan ta da Pro da Plus ba, bai kuma kamata ta bar sunayen ƙasarta a bakin hanya kowa ya tsinta ba.

Ina roƙon kowa ya yi abu ɗaya cikin makon nan. Ɗauki kaya guda da ka saya saboda sunansa, ka juya bayansa ka karanta abin da ke rubuce, ka gwada da wani mai arha. Sannan ka tambayi wani dattijo ko dattijuwa a gidanku: wane abu ne garinmu ya yi suna a kansa, kuma wa ke cin ribarsa yau? Ku rubuto abin da kuka samo a ƙarƙashin wannan rubutu idan an wallafa shi, mu tattara, mu ga abin da za mu fara da shi a zama na gaba.

Wanda ke da tambaya ko gyara, fili nasa ne.